Yessongs: me ya sa ake zuzuta faifan da sautinsa kamar daga cikin rijiya?

Ƙanena bari in maimaita tambayar taka a taƙaice saboda masu karantawa. Ka ce wani abokinka ya dame ka da maganar Yessongs na ƙungiyar Yes, faifan da aka ɗauka kai tsaye a wuraren wasansu gaban jama'a, ka je ka kunna a waya sai ka ji sautin a dushe kamar daga cikin rijiya yake fitowa, waƙa ɗaya ta cinye minti 18, ga tafi ga ihun jama'a, alhali duk waƙoƙin nan akwai su tsaf tsaf a fayafayan situdiyo. To me ya sa ake kiransa gagarabadau, ko dai tsofaffi ne kawai ke zuzuta abin zamaninsu?

Toh da farko dai kunnenka ƙalau yake, kar wani ya ruɗe ka. Sautin Yessongs a dushe yake wallahi, ni da sana'ata kenan haɗa sauti bazan rufe maka ba, in yaron da nake koya wa aiki ya kawo min miksin, wato haɗin sauti, irin wannan yau sai na ce ya koma ya sake. Amma akwai dalilin da ya sa ya dushe, an ma gano dalilin daga baya, kuma akwai dalilin da ya sa duk da dushewar ni shi nake fara ɗauka kafin na situdiyon. Sai dai ka yi haƙuri zan ɗan ja ka da nisa, don in ba ka san halin da mutanen nan suke ciki a 1972 ba, ba za ka gane abin da kake ji ba.

Yes a Landan aka kafa ta a 1968. Kiɗansu shi ne reshen rok ɗin nan da Turawa ke ce wa prog, wato masu jan waƙa da tsawo suna cusa mata salon kiɗan gargajiyar Turai da jaz, ƙirgar kiɗan tana canzawa a tsakiyar tafiya. Cikin ƙasa da shekara biyu suka saki fayafayai uku da suka ɗaga su sama: The Yes Album a farkon 1971, Fragile a ƙarshen wannan shekarar, sai Close to the Edge a Satumbar 1972. Duk abin da ke cikin Yessongs daga waɗannan ukun aka ɗebo shi, in ka cire ɗan buɗewar farko da wasan kaɗaici na mai kibod. Kamfanin Atlantic ya fitar da shi a Mayun 1973, faifan garmaho uku a jaka ɗaya, fuska shida, sama da awa biyu. Kuma duk da tsadarsa ya kai na 7 a jadawalin ciniki na Ingila, na 12 a Amurka.

Yanzu ga inda maganar take. Waƙar nan Close to the Edge da ka ji tsaf a situdiyo, ba a taɓa kaɗa ta daga farko har ƙarshe a zama ɗaya ba lokacin da ake ɗaukarta. Gutsi gutsi aka yi ta a situdiyon Advision, su kaɗa ɗan yanki kaɗan, su tsaya su yi ta gardama kan abin da zai biyo baya, su sake kaɗa wani yankin, shi kuma injiniyansu Eddie Offord yana zaune da reza da salatif yana yanka zaren tef yana liƙawa. Lokacin ba kwamfuta, in ka yanka ba daidai ba shikenan ka yanka. Har babbar ogan ɗin coci da ake ji a tsakiyar waƙar sai da aka kwashi na'ura aka je wani tsohon coci a Landan mai suna St Giles, Cripplegate aka ɗauko ta, aka dawo aka liƙa. Kaga kenan waƙar a kan teburin injiniya aka ɗinke ta kamar rigar da aka haɗa da ƙyallaye, bayan an gama ne su kansu masu ita suka zauna suna saurare suna koyon yadda za su kaɗa abinsu. Shi ya sa tambayar da ke bakin mutane a lokacin ita ce, anya mutum biyar za su iya tsayawa gaban dubban jama'a su fitar da wannan abin da hannuwansu, ba reza ba salatif? Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Yessongs shi ne amsar da suka bayar, kuma da wannan kunnen ya kamata ka saurare shi.

Sai kuma aka ƙara musu wani nauyin. Ana gama ɗaukar Close to the Edge, a Yulin 1972, mai gangarsu Bill Bruford ya ce shi ya gaji ya sauya sheƙa zuwa ƙungiyar King Crimson, ga rangadin Amurka saura kwanaki kaɗan, an riga an sayar da tikiti. Suka ɗauko Alan White, yaro ɗan shekara 23 wanda ya riga ya yi wa John Lennon na ƙungiyar Beatles kiɗa, shi ne ma ya buga ganga a waƙar Imagine, ya kuma yi aiki da George Harrison, shi ma na Beatles ɗin. Hannunsa ba a magana, sai dai irin kiɗan da ya saba mai tafiya miƙe ne, ɗaya biyu uku huɗu. Kwana kamar uku ya samu ya haddace waɗannan murɗaɗɗun waƙoƙin, ranar 30 ga Yuli sai ga shi a kan dandamali a Dallas. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa an yi yarjejeniyar gwaji ne na wata uku, in bai yi musu ba ko su ba su yi masa ba a rabu lafiya. Wata ukun nan ya koma kusan shekara hamsin, yana cikin ƙungiyar har ya rasu a Mayun 2022. To yawancin abin da kake ji a Yessongs an ɗauke shi ne tsakanin ƙarshen Oktoba da Disambar 1972, wato mutumin ko wata biyar bai cika da su ba.

Abin daɗin shi ne faifan ya ba ka masu gangar biyu a wuri ɗaya, za ka iya gwada su da kunnenka. Perpetual Change da kuma Long Distance Runaround haɗe da The Fish, waɗannan Bruford ne, an ɗauke su tun Fabrairun 1972 a zauren Academy of Music na New York kafin ya tafi. Sauran duk White ne. Ka sa iyafis ka kunna Long Distance Runaround ka bar muryar mawaƙin ka bi ƙaramar gangar nan mai ƙarar tas, wadda muke ce wa sineya. Sauran makaɗan suna tafiya huɗu huɗu, shi Bruford yana saukar da bugunsa bayan kowace ƙirga biyar, sai ka ji bugun yana yawo, yanzu ya faɗo a farkon layi anjima ya faɗo a tsakiya, kamar mai tafiya yana ɗingishi da gangan amma bai taɓa faɗuwa ba. Sineyarsa kuma a ɗaure take tamau, tana ƙara kamar an ƙwanƙwasa gwangwani, ko a cikin dubu za ka gane ta. Daga nan sai ka koma Siberian Khatru ko Heart of the Sunrise ka ji White. Shi ba ruwansa da wannan wasan ɓuyan, dukan tsiya yake yi, yana tura ƙungiyar gaba kamar wanda ya hau bayan tirela yana cewa direba ƙara wuta. Masoyan Yes har yau suna faɗa kan wanda ya fi, ni dai ra'ayina a situdiyo Bruford ya fi dacewa da waƙoƙin don da shi aka gina su, amma a zauren da ke cin mutum dubu goma, inda ƙananan dabaru ke ɓacewa kafin su kai kujerun baya, nauyin hannun White ne ya sa kiɗan ya tashi tsaye. Siberian Khatru ta situdiyo kyakkyawa ce mai ladabi. Ta Yessongs kuwa kamar an kwance doki.

Kuma ka lura da yadda aka shigo da ita. Abin da ka fara ji a faifan, wannan kiɗan ƙungiyar goge da kakaki da ke tasowa a hankali, ba Yes ba ne ke kaɗawa, tef ne suke sakawa a lasifika na ƙarshen Firebird, kiɗan da Igor Stravinsky ɗan Rasha ya tsara, yayin da suke hawa dandamali cikin duhu. Yana kaiwa ƙololuwa sai Rick Wakeman ya karɓe da kibod ɗinsa ya riƙe, jama'a na ihu, sai kawai jitar Steve Howe ta faso. Ni na yi aikin taro ba adadi, na san wahalar minti biyun farko, a nan ake kama jama'a ko a rasa su, kuma ban san wata buɗewa a faifan kai tsaye da ta kai wannan iya shiga ba.

Bari mu dawo kan rijiyar taka. Zamanin tef akwai wata matsala, shi zaren tef yana da wani huci nasa, sssss, da ke bin duk abin da ka ɗauka. Sai kamfanin Dolby ya fito da na'urar da ke maganin haka: lokacin ɗauka tana ɗaga ƙananan sautuka musamman sirara na sama, lokacin kunnawa kuma ta sauke su daidai gwargwadon yadda ta ɗaga, sai hucin ya sauka tare da su. Dabara ce mai kyau amma da sharaɗi, dole awon da aka ɗauka da shi ya zama daidai da awon da za a kunna da shi. In aka samu saɓani sai na'urar ta sauke fiye da abin da aka ɗaga, ta cinye hasken sautin, farantan ƙarfen mai ganga su mutu, murya ta koma kamar an rufa mata bargo. Abin da ya sami tef ɗin rangadin nan kenan, ba a saita na'urorin daidai ba lokacin ɗauka. An tabbatar da haka ne bayan shekara arba'in da wani abu, da aka tono ainihin tef ɗin aka ba injiniya Brian Kehew ya sake haɗa su, ya gyara awon, aka fitar da su a 2015 da sunan Progeny: Seven Shows from Seventy-Two, CD 14, wasa bakwai cikakku daga Toronto da Ottawa a Kanada zuwa garuruwa irin su Greensboro da Knoxville a Amurka. In ka ji wannan sai ka rantse an buɗe taga ne a ɗakin da ya daɗe a rufe.

Ni abin bai ba ni mamaki ba don na taɓa cin irin wannan tuwon. Farkon fara aikina an kai ni ɗaukar wani wasan biki a wani zaure, na saita komai da rana wurin ba kowa, na ji daɗin abina, dare na yi mutane suka cika wurin janareta kuma ya fara ja da baya, ban sake duba awo ba don a lasifikar zauren komai ras nake ji. Washegari na kunna abin da na ɗauka, kalangu kamar ana buga shi a ƙarƙashin katifa. Maigidana a sana'ar bai ce min uffan ba, ya dai saurara har ƙarshe sannan ya ce makaɗan sun yi aikinsu kai ne ba ka yi naka ba, amma kar ka goge, wannan daren ba zai sake dawowa ba. A wurinsa ma na fara jin Yessongs ɗin, a wani kaset da aka kwafa daga kwafi, kaga ni rijiyar tawa ma ta fi taka zurfi.

Ga kuma wasu abubuwan da suka ƙara dagula lamarin. Zaurukan da suke wasa a Amurka yawanci filayen ƙwallon kwando ne da na wasan ƙanƙara, siminti da ƙarfe, sauti na dukan bango yana dawowa cikin makirfo. Sannan shi faifan garmaho yana da iyaka, fuska ɗaya in ta wuce minti ashirin da ɗan wani abu dole a matse layukan, ƙarfin sauti da nauyin bes su ragu. An sake goge faifan a 1994 da aka mayar da shi CD biyu, ya ɗan yi dama dama, amma gogewa ba ta gyara abin da ya lalace tun a miksin, kamar guga ce a kan rigar da aka ɗinka a karkace. Wani abin kuma, asalin jakar faifan ba ta faɗi inda aka ɗauki kowace waƙa ba, sai mutum ya zaci dare ɗaya ne, alhali tsince aka yi daga garuruwa daban daban har da zauren Rainbow na Landan a Disambar 1972. Shi ya sa za ka ji kalar sautin tana canzawa daga waƙa zuwa waƙa.

To tunda Progeny ya fi tsabta me zai hana ka tafi can kawai? Za ka iya, akwai ma gajerensa mai CD biyu ga wanda ba zai iya zama ya ji jerin waƙoƙi iri ɗaya sau bakwai ba. Amma babu Bruford a ciki ko kaɗan, babu The Fish, babu Starship Trooper, kuma a wurina waɗannan na cikin ƙashin bayan Yessongs.

Ɗauki The Fish. A faifan Fragile ɗan guntun abu ne da bai kai minti uku ba, mai bes ɗinsu Chris Squire ya ɗora jitar bes a kan jitar bes sau da yawa a situdiyo, ƙirgar tana tafiya bakwai bakwai. To a dandamali bes ɗaya gare shi da hannu biyu, ya zai yi? Sai ya mayar da ita wani dogon wasa na kusan minti goma, ya yi ƙasa da sauti har kamar zai ɓace ana jin motsin mutane, ya dawo ya ɓarke da gurnani. Squire, wanda ya rasu a 2015, shi ne dalilin da ya sa masu bes da yawa suka sayi irin jitar bes ɗinsa, Rickenbacker. Yana kaɗawa da ɗan maɓallin roba maimakon yatsa, da tsirkiya masu kaushi, sannan ya raba sautin gida biyu, nauyin ya tafi amfilifayar bes, kaifin ya tafi amfilifayar jita. Shi ya sa bes ɗinsa ba ya zama a ƙasa yana rakiya kamar na sauran mutane, gaba yake fitowa yana gardama da mawaƙi. Abin dariya ma wannan kaifin ne ya cece shi a Yessongs, duk dushewar faifan shi ana jinsa tar. Sunan The Fish ɗin kuma, wato kifi, laƙabinsa ne, wai saboda daɗewarsa a bahon wanka yana ɓata wa mutane lokaci.

Sai Yours Is No Disgrace, wadda a situdiyo ba ta kai minti goma ba a nan kuma ta haura 14, kuma kusan duk ƙarin Steve Howe ne ya cinye shi da jitarsa Gibson ES-175, irin mai ƙaton ciki da 'yan jaz ke riƙewa, wadda a ƙa'ida ba a kai ta wurin ƙara mai yawa don kuka take yi. In ka tambaye ni wuri ɗaya da zan nuna wa mutum in ce ga dalilin faifan nan, to tsakiyar wannan waƙar ce. Howe ba ya ja da tsirkiya yana sa ta kuka irin na sauran 'yan rok na zamaninsa, shi gudu yake da tsinke tsinke kamar kaza na tsattsagar gero, ya shiga salon kiɗan ƙauyen Amurka ya fito ya faɗa jaz, akwai wuraren da za ka ji yatsan ya zame ko ya riga sauran isa, ba a goge ba an bar shi haka. Kuma White na bayansa yana ƙara masa wuta. Wannan abin babu shi a situdiyo, ba za a iya ɗinka shi da reza ba.

Haka ƙarshen Starship Trooper, inda kod uku kacal, wato haɗin sautuka uku, ake ta maimaitawa suna kumbura. Lokacin da aka yi ta a situdiyo Tony Kaye ne mai kibod, Wakeman bai zo ba sai a 1971 bayan fitar The Yes Album, to a Yessongs ne za ka ji abin da ya yi da waƙoƙin da ya gada, ya shigo da ƙaramin kibod ɗinsa Minimoog yana tsala gudu kafin ya miƙa wa Howe ya rufe. Ka tuna kuma kayan da mutumin nan yake fama da su. Minimoog sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, in ka danna maɓalli biyu ɗaya za ta ɗauka, kuma zafi na sa ta kauce daga saiti. Mellotron kuwa, wadda ke ba da sautin nan kamar taron masu goge ko taron mawaƙa, kowane maɓalli da nasa zaren tef a ciki mai tsawon daƙiƙa takwas, in ka riƙe ya wuce haka sai sautin ya yanke, wuta na yin ƙasa kuma injin da ke jan tef ɗin ya rage gudu komai ya karkace. Yau duk wannan yana cikin laftof ɗaya. Shi kuwa tara su yake a kewaye da shi hawa hawa, hannu ɗaya nan ɗaya can, sanye da alkyabba mai ƙyalli.

Ba komai ne na yaba ba fa. Wasan kaɗaicin Wakeman ɗin, wanda ya ɗebo daga faifansa The Six Wives of Henry VIII har ya cusa Hallelujah, tsohuwar waƙar coci ta Handel, a ciki, a zaure na san ya burge, amma a kunne bayan ji na uku ni tsallake shi nake, burga ta fi kiɗan yawa. Wurin ogan ɗin coci a Close to the Edge ma ba ya kai na situdiyo, ba yadda za a yi kayan dandamali su yi nauyin bututun coci, nan kam reza ta yi nasara. And You and I sun canza mata buɗewa, maimakon sanyin jitar katako sai suka shigo da ƙarfi, wasu na so ni ban cika so ba. Amshin muryoyi uku na mawaƙinsu Jon Anderson da Squire da Howe wani lokacin yana ɗan lilo, ko da yake in ka san cewa lokacin babu na'urar gyaran murya kuma da ƙyar suke jin kansu a cikin wannan ƙarar, sai ka sara musu. Kuma kar ka wahalar da kanka neman ma'anar baitocin Anderson, ko Turawan da aka haifa da harshen ba su gama ganewa ba, shi da kansa ya ce sau da yawa don amon kalma yake zaɓenta. Ka ɗauki siririyar muryar tasa a matsayin wani kayan kiɗan kawai.

Maganar tsawo kuma, mu da muka taso muna jin makaɗa suna cinye fuskar kaset guda da waƙa ɗaya, ana tafiya ana saukar da kiɗa ana ɗagawa 'yan amshi na karɓa, bai kamata minti 18 ya tsorata mu ba. Bambancin dai su nasu ba maimaici ba ne da sabbin baitoci a kai, kiɗan ne da kansa ke sauya riga, jigon da ka ji da gudu a farko zai dawo maka a hankali can gaba da wata fuskar. Sai ka ji sau uku huɗu kafin ka fara gane tsofaffin fuskokin.

Wani ɓangaren sunan faifan kuma a waya ba za ka same shi ba, wato jakar. Roger Dean ne ya zana, ta buɗe fala fala, zane huɗu da ke ci gaba da labarin da ya faro a bangon Fragile: wata 'yar duniya ta farfashe, gutsattsarinta suka yi ta shawagi a sararin samaniya har suka sauka a wata duniyar suka yi saiwa, rayuwa ta sake tsirowa. Yaro a 1973 da bai taɓa ganin ƙungiyar ba, ba YouTube ba komai, wannan jakar ce da hotunan ciki yake buɗewa a cinya yana saurare. Akwai fim mai suna Yessongs shi ma, ya fito a 1975, amma kar ka haɗa su, shi wasan Rainbow ne kawai na Disambar 1972, hotonsa da duhu, amfaninsa dai ka ga yatsun Howe da alkyabbar Wakeman.

In kana son ka auna shi da sa'o'insa, ƙungiyar Emerson, Lake & Palmer sun fitar da nasu mai faifai uku a 1974, ƙungiyar Genesis suka fitar da Seconds Out a 1977 wanda yawancinsa a Faris aka ɗauka, kuma in tsabtar sauti kake nema Seconds Out ya fi Yessongs nesa ba kusa ba. Abin mamaki a can ma Bruford ya leƙo a waƙa ɗaya, don ya yi musu rangadin 1976. In kuma kana son ka san me ake kira mummunan sauti na gaske, nemi Earthbound na King Crimson na 1972, wanda a kaset aka ɗauke shi, bayan shi Yessongs zai zame maka kamar ruwan randa. Su Yes ɗin kansu daga nan suka zarce, a ƙarshen 1973 suka yi Tales from Topographic Oceans, waƙa huɗu a fuska huɗu, har Wakeman ya gaji ya fice a 1974. Shi ya sa nake ganin Yessongs ya kama su a daidai gaɓar da buri da ƙarfi suka yi kunnen doki, kafin burin ya rinjaya.

Don haka ga yadda zan ce ka yi. Ka rabu da lasifikar waya, ita ba ta da ƙasa kwata kwata, sai ta bar ka da tsakiyar sautin kawai wanda dama shi ne ya cunkushe a faifan, ka sami hedifon mai rufe kunne ko sifika mai ɗan nauyi, in manhajarka na da wurin saita sauti ka ɗan rage tsakiya ka ɗaga sama kaɗan, kaɗan fa, in ka cika sai hucin tef ya taso. Kar ka ce za ka cinye awa biyu a zama ɗaya, fuska fuska aka yi shi, minti ashirin ka tashi ka juya faifai ka sha ruwa. Fara da ta ƙarshe, Yours Is No Disgrace da Starship Trooper. Kafin nan ka ji na situdiyon su a The Yes Album sau biyu don ka san hanyar da aka shata, sannan ka ji inda suka bar hanyar. Washegari ka dawo fuskar farko tun daga Stravinsky. Close to the Edge ka bar ta sai ƙarshe, bayan ka riƙe ta situdiyon a ka, kuma in ka zo kanta ka sa kunne a minti ukun farko inda kowa ke gudu kamar ba tare suke ba, sai su tsaya cak a lokaci ɗaya muryoyi su ce aaa su sake ɓarkewa. Mai gangar da ke riƙe da wannan tsayawar ba ya nan lokacin da aka ƙirƙire ta, a tef ya koya. In ka ji duk wannan har yanzu rijiyar na damunka, sai ka koma Progeny ka ɗauki wasan Knoxville ko na Greensboro, ka dawo ka faɗa min wanne ka fi so.